Cunkoson Ƙofar Gidanmu

Ba ni na roƙi a koya mini kwamfuta ba. Ina zaune a ofishin tsara gari a Birnin Kebbi, ina zanen taswira da fensir da rula kamar yadda na saba, darakta ya leƙo ya nuna ni da baki, ya ce in bi sahun waɗanda za a koya wa sabon aiki. Lokacin jihar ba ta daɗe da samun kanta ba. Garin da muka tashi muka sani, wanda in mota ta ratsa unguwa sai an tambayi ta wane ne, ya wayi gari ya zama hedikwata. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da iyalansu da motocinsu, 'yan kabu-kabu suka cika ko'ina da babura, ga jakuna da amalanke ba su je ko'ina ba. Titunan kuwa su ne dai na da.

Abin da aka kawo mana manhaja ce ta kwaikwayon zirga-zirgar ababen hawa. Ka zana titunan gari a cikin kwamfuta, ka zuba musu motocin ƙarya, ka zauna kana kallon inda za su cushe, kafin a je a taɓa titin gaske. Wanda aka ɗauko ya koya mana wani siririn injiniya ne daga Kaduna, mutum mai sanyin murya da haƙurin da har haushi yake ba ni. Ni kuwa tun ina yaro an san ni da saurin hasala. Kwamfutar guda ɗaya ce tak a ofis, ana rufe ta da ƙyalle kamar abincin baƙo, kuma rabin darasin namu yana tafiya ne a jiran a tayar da janareta in an ɗauke wuta.

Farkon abin ya ba ni wuya ƙwarai. Hannuna ya saba da danne fensir, sai in danne linzamin kwamfutar da ƙarfi, kibiyar ta tsere can gefen gilashi in rasa inda ta shiga. Injiniyan ya nuna mana cewa kowace mahaɗa ɗigo ce, kowane titi kuma layi ne tsakanin ɗigo biyu. Layin nan sai ka gaya masa tsawonsa da faɗinsa, da irin gudun da ake yi a kansa, da yawan abin hawan da ke shigowa ta kowane ɓangare, da inda suke karkata in sun iso mahaɗa. Ranar da na fara sakin motocina, ƙananan akwatuna ne masu rarrafe a kan gilashi, duk suka tafi suka taru a wuri ɗaya suka tsaya cik, don na manta ban haɗa titina da na gaba ba. Abokan aikina suka yi ta dariya, wai na kai jama'a bakin rami na bar su. Na tashi na fita waje na sha iska, don in na zauna sai na faɗi abin da za a yi ta ba ni haƙuri a kansa.

Manhajar ba ta san jaki ba. Ba ta san amalanke ba, balle raƙumin da ke shigowa da kaya ranar kasuwa. Da na tambaya, injiniyan ya ce in ɗauki mota in rage mata gudu in kira ta jaki. Na ce masa jakinmu ba rashin gudu ne kaɗai halinsa ba, akwai taurin kai, ina zan rubuta wannan? Baburan da ke cikinta kuma masu ladabi ne, kowa na bin layinsa yana ba na gaba rata, abin da ɗan kabu-kabun Birnin Kebbi bai taɓa jin labarinsa ba. Duk da haka, sannu a hankali, abin ya fara shiga raina. Titin da ke tafiya lafiya kore yake fitowa, in ya fara nauyi ya koma ruwan ɗorawa, in ya cushe ya yi ja. Na kan ƙara wa titi faɗi in ga jan ya washe, in ji wani daɗi kamar ni na share wa mutane hanya da hannuna.

Abu ɗaya injiniyan yake maimaita mana har muka haddace. Ya ce kada mu yarda da abin da kwamfuta ta ce zai faru gobe, sai ta fara nuna mana abin da idonmu ya riga ya gani a titi yau. Don haka ya kai mu unguwar Gesse, inda gidaje ke jere kuma tituna a miƙe, muka tsaya a rana muka ƙirga abin da ke wucewa, muka dawo muka zuba. Abin da gilashi ya nuna ya yi daidai da abin da muka baro. Ranar na koma gida ina jin kaina, har na fara kallon duk wanda ke tafiya a titi a matsayin akwatin da zan iya juyawa.

Sai aikin gaske ya zo, ya kuma faɗo a ƙofar gidanmu. A unguwarmu Nasarawa akwai wata mahaɗa da ta addabi kowa, inda hanyar kasuwa ta haɗu da wadda ma'aikata ke bi zuwa ofis. Safe da yamma sai wurin ya cushe, a yi ta tsayuwa. Gidanmu yana 'yan taku kaɗan daga mahaɗar, ƙofarsa na kallon titi. Darakta ya riga ya yanke a ransa cewa faɗaɗa titin za a yi, mu dai kwamfuta ta nuna masa yawan faɗin da za a ƙara. Kowa ya san abin da faɗaɗawa ke nufi: a zo da jan fenti a shafa wa bango, daga baya katafila ta biyo. Mu namu da sauƙi, gidan gado ne mai zurfi, gaban zaure kawai za a ci. Amma gidajen da ke jere da mu ƙanana ne. Maƙwabcinmu na hannun dama, wani mai sayar da albasa, ɗakuna biyu gare shi da iyali cike, kuma ɗayan kacokan a bakin titi yake. Tun da labari ya fita, kullum zan fita sai ya tare ni.

"Injiniya, mi al labari? Katahila na tahe?"

Ni ba injiniya ba ne, amma a unguwa duk wanda ya taɓa kwamfuta ya zama injiniya. Sai in ce masa ana kan aiki, in hau babur ɗina in wuce, raina a jagule.

A ƙofar gidan nan akwai dakali, a kan dakalin kuma akwai mahaifina. Baba malami ne. Shekaru masu yawa ya yi yana ba da karatu a zaure, manyan mutane masu furfura suna zuwa da littattafansu su zauna gabansa. Da ciwon yanar ido ya kama shi ya daina ganin rubutu, masu karatu suka koma wajen wasu malaman, wanda ba laifinsu ba ne. Abin da ya rage masa shi ne dakali. Da rana ta ɗan ɗaga za a shimfiɗa masa buzu ya zauna har hantsi, bayan la'asar kuma ya sake fitowa har a kira magariba. Ba ya ganin fuska, amma da ka buɗe baki ya gane ka, ya tambaye ka jikin mahaifiyarka, ya tambayi shinkafar da ka shuka a fadama ko ruwa ya bar ta. A nan yake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu da wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Garin gaba ɗaya ta kunne yake shigo masa.

Na zana mahaɗar da kulawar da ban taɓa ba wani aiki ba. Na auna titin da kaina, muka ƙirga ababen hawa safe da yamma, na zuba komai, na saki motocina. Titi ya fito kore shar. Akwatuna suka yi ta wucewa ta gaban gidanmu salin-alin, babu wanda ya ko dakata. Na sake saki, kore. Na ce ƙila mun yi kuskuren ƙirga, muka koma muka tsaya a rana har wuyana ya ƙone, muka dawo da kusan abin da muka samu da farko. Na ƙara jakuna. Na rage wa babura ladabi iyakar yadda manhajar ta yarda. Ɗan ruwan ɗorawa ya leƙo ya ɓace. A titin gaske kuwa kullum sai an tsaya har motoci sun kai bakin masallaci.

Na ce wa injiniyan kayansa na banza ne, an yi su ne don garin da ba mu sani ba. Bai yi fushi ba, wanda ya ƙara tunzura ni. Ya ce, "Kwamfutar tana gaya maka titin ya ishi motocin da ke binsa. In har ana tsayawa, to akwai wani abu a kan titin da ba ka saka mata ba. Nemo shi."

Na nema. Na duba kwalbati, na duba masu talla a bakin hanya, na duba ko akwai ramin da ke sa a taka birki. Ban ga komai ba. Darakta kuma ya fara gajiya da mu. Ya shigo wata safiya gumi na zuba masa, ya tsaya a kaina ya kalli gilashin.

"Ni ban san kore ko ja ba," in ji shi. "Kullum nan nika maƙalewa. In injinku bai ga abin da kowa ka gani ba, ku ruhe shi da ƙyallenai, a kai fenti."

Ya ba mu ɗan lokaci kaɗan. Kwanakin nan ban ji daɗin abinci ba. Ina ganin mai albasa sai in sauya hanya.

Ana cikin haka aka aiko daga Argungu cewa mijin Gwaggo, ƙanwar Baba, ya rasu. Na ɗauki Baba muka shiga mota a tasha, muka isa aka yi jana'iza da mu. Shi ya ce zai zauna wajen 'yar'uwarsa har a share makoki, ni kuma aiki na jirana, don haka washegari na juyo ni kaɗai. Na sauka a tasha bayan la'asar, daidai lokacin da aka tashi daga ofis, na tako da ƙafa ina shirin kutsawa cikin cunkoson da na saba.

Babu cunkoso. Na tsaya a bakin mahaɗar kamar wanda ya ɓata hanya. Ga motocin nan, ga baburan nan, har da amalanken mai itace, yawansu bai ragu ba, amma kowa tafiya yake yi. Suna isowa suna karkata suna wucewa, tamkar akwatunan da nake zagi a ofis. Na juya na kalli gidanmu, na ga dakali wayam, ko buzu babu a kai. A nan na gane.

Abin da na kasa gani saboda a cikinsa aka haife ni shi ne wannan: a unguwarmu ba a wuce Malam a kan abin hawa. Mai keke zai sauka ya jingine kekensa. Ɗan kabu-kabu zai tsaya, fasinjansa ya sauka, su biyun su tuɓe takalma su durƙusa. Mai mota zai tsaya inda yake, a kan kwalta, ya bar ƙofa a buɗe inji na aiki, ya je ya ce, "Allah shi gafarta Malam," a yi gaisuwar gida da ta gona da ta gajiya, a shafa addu'a, sannan ya dawo. Na bayansa ba zai danna ham ba, wa zai yi wa mai gaida Malam ham? Ballantana shi ma in layi ya zo kansa sauka zai yi. Baƙin da ba su san Baba ba su ne ke tsaye can baya suna tsaki, ba su san abin da ya tsayar da su ba. Lokutan da Baba ke zama a waje kuwa su ne daidai lokutan fita aiki da dawowa. Ni kaina kullum a wurin nake kashe babur in durƙusa. Duk tsayuwar da muka yi muna ƙirga, ido na kan tayoyi, ban taɓa ɗaukar gaisuwa a matsayin abin da ake sakawa a lissafin titi ba.

Da safe na riga kowa zuwa ofis. A cikin manhajar akwai abin da injiniyan ya taɓa nuna mana muka wuce shi da sauri, don ba mu da motocin haya masu tasha a bakin titi: wurin tsayawar bas. Ka ɗora shi a kan layi, ka faɗi kason ababen hawan da za su tsaya, da ɗan lokacin da kowanne zai ɗauka. Na ɗora shi daidai ƙofar gidanmu. Na kintaci tsawon gaisuwa ɗaya, wadda na fi kowa sani. Na saki motoci. Ruwan ɗorawa ya fara, ya yi duhu, ya koma ja, jan ya yi ta ja da baya har ya kai inda masallaci yake a taswirar. Ko kuskure babu.

Injiniyan ya shigo ya tarar da gilashin ja wur. Ya tafa hannu don murna, ya dafa kafaɗata, ya ce yau na zama gwani, me na gano? Na ji kamar in ture hannunsa. Na ce masa wannan tashar da yake gani mahaifina ne. Na yi masa bayani. Ya ja kujera ya zauna, sannan ya ce mu gwada hanyoyin da suka rage, don dai mu sani.

Muka bar tashar a wurinta muka faɗaɗa titi, muka ci ɗakunan mutane a kan gilashi. Kore ya dawo: masu gaisuwa suna tsayawa a gefe, saura suna wucewa. Muka mayar da titi yadda yake muka cire tashar. Nan ma kore. Hanyoyi biyu ke nan, kowace tana aiki. Ko a rushe ɗakunan maƙwabta Baba ya ci gaba da amsa gaisuwarsa, ko Baba ya tashi daga dakali ɗakuna su tsaya. Na tsani kwamfutar nan a lokacin, don ta faɗi abin a fili yadda ba zan iya cewa ban gane ba.

Ban je wajen darakta ba. Na nemi izini na tafi Argungu ɗauko Baba. A mota ina kallon fadamu, shinkafa ta yi kore har inda ido ya tsaya, ina ta shirya maganar da zan faɗa ina rushewa. A raina na riga na zaɓa. Gwamnati ce ta ce za ta faɗaɗa titi tun kafin in san ana saka tasha a kwamfuta. In na yi shiru, abin da aka shirya ne zai faru, kuma tsohon da ido ya riga ya guje masa ba za a ƙwace masa ɗan abin da ya rage ba.

Na same shi a zauren gidan Gwaggo bayan azahar, masu ta'aziyya sun ragu. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna gefe. Ban daɗe ba ya juyo da fuskarsa wajena.

"Kai, tun da kaz zo numfashinka bai daidaita ba. Mi af faru?"

Ban iya yi masa ƙarya ba, ban taɓa iyawa ba. Na gaya masa komai, tun daga akwatunan da suka ƙi tsayawa har yammacin da na dawo na tarar da hanya a buɗe. Ya saurara yana jan carbi a hankali.

"To ni, mi anka sa ni ciki?"

"Tashar mota, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Ashe shekarun ga duka tasha nika tsaro ban sani ba."

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Baba, gwamnati ka son ta hwaɗaɗa hanya, ba mu munka ce ba. In anka hwaɗaɗa, kana zamanka, kowa shi gaishe ka shi wuce, babu mai tsayawa bayan wani. Na gwada, na gani."

"Ɗakunan su wa za a ci?"

Na fara da namu zauren. Ya ɗaga hannu ya ce ba namu ya tambaya ba. Sai na lissafa masa su gida-gida, mai albasa da sauran. Duk wanda na ambata sai ya gyaɗa kai, don ya san wanda ke kwana a kowane ɗaki, wasunsu ma shi ya raɗa musu suna. Da na gama ya ajiye carbin.

"Ba ni zama in amsa gaisuwa bisa ɗakin wani," in ji shi.

Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya a gabansa, abin da ba a yi. Na ce mutanen nan su suka ga dama suke tsayawa, ba shi ya kira su ba. Na ce a sa ɗan sanda ya hana tsayawa a wurin. Ya ce wane ɗan sanda ne zai kori mutum daga gaida tsoho, kuma shi da wace fuska zai zauna ana korar mutane a gabansa? Na ce to ya sauya lokacin fitowa. Ya ce in ya fito lokacin da babu kowa a hanya, da wa zai gaisa, bango? Duk ƙofar da na buɗe sai ya rufe ta a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. Daga ƙarshe ya lalubo gwiwata ya dafa.

"Ka tai ka hwaɗa ma mai gidanka hanya ta ishe. Amma unguwa kak ka hwaɗa ma kowa dalili. In sunka ji, kunya za ta hana su sakewa da ni, su kuma riƙa jin kamar ina bin su wani abu."

Muka dawo gida. Da farko ya gwada zama a cikin zaure, can gefen ƙofa, yana jin motsin titi. Bai yi ba. Duk wanda ya hango farin rawaninsa ta ƙofa sai ya taka birki, cunkoso ya dawo kamar ba a yi komai ba. Da kansa ya ce a ɗauke buzun a kai masa cikin gida, ƙarƙashin rumfar da ke bakin ɗakinsa, inda ba a gani daga waje.

Na kai wa darakta sakamakon. Na nuna masa jan da koren, na gaya masa gaskiya shi kaɗai. Ya bi hanyar da kansa safe da yamma bai maƙale ba, ya ce to shi ke nan, a bar fenti. Ina jin ya ji daɗi ne don an rage masa rigimar masu gidaje. A rahoton da aka rubuta cewa aka yi an kawar da abin da ke tsayar da ababen hawa a wurin. Na karanta layin nan na ajiye takardar na fita, don ban yarda da bakina ba. Injiniyan ya gama kwanakinsa ya koma Kaduna. Kafin ya tafi ya zo har gida ya gaida Baba, ya ajiye motarsa can nesa ya tako da ƙafa.

A unguwa aka ɗauka Malam ba ya jin daɗi ne. Makon farko gidanmu ya cika da masu dubiya, suna sallama suna shigowa har rumfa. Da suka ga lafiyarsa lau, sai suka ce tsufa ne, yana son hutu, kada a dame shi. Ba mugunta ba ce. Mutum in ya ga tsoho a bakin hanya dole ya sauka, amma ya ajiye abin hawa ya yi sallama ya jira a yi masa iso cikin gidan mutane, wannan sai wanda ya fito dominsa. Masu zuwa suka yi ta raguwa har suka koma 'yan tsofaffin abokansa, su ma sai ranar Juma'a. Mai albasa kuwa ya bi gari yana cewa ni na hana katafila zuwa da ilimin kwamfuta, har ya aiko mini da albasa cikin kwando. Duk lokacin da ya yabe ni sai in ji kamar ya watsa mini ruwan zafi, ga shi an ɗaure mini baki.

Baba bai taɓa yin ƙorafi ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Da ya yi faɗa da na samu abin da zan mayar. Sai dai na ga yana ramewa. Mutumin da ke tashi da wuri yana neman a miƙo masa rawani, ya koma zama da hula har rana ta take. Maganarsa ta ragu. In an kawo labarin haihuwa ko rasuwa sai ya zama shi ne na ƙarshen ji, ya ce, "Ashe?" kawai. Na yi ta tunanin komawa in ce wa darakta na yi kuskure, a kawo fentin. Na san in na yi haka Baba ba zai sake kula ni ba, kuma na san ƙarya ce.

Wata yamma na dawo daga ofis, na shigar da babur zaure, na same shi a rumfa. Ya karkata kansa wajen katanga, inda ƙarar titi ke shigowa, ababen hawa na ta wucewa babu tsayawa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambaye ni gajiya.

"Hanya ta buɗe?" in ji shi.

"Ta buɗe, Baba."

"Madalla." Ya dafa gefen buzun. "To zamna ka ba ni labari. Su wa sunka wuce yau?"

Na buɗe baki in faɗa masa. Ɗazu na tsaya a bakin titin nan kafin in shigo, na kalle shi sosai kamar yadda na saba yanzu. Na san babura sun fi motoci yawa, na san ɓangaren kasuwa ya fi nauyi, na san babu wanda ya jira wani. Na laluba kaina ina neman fuska ɗaya, mutum ɗaya da zan ce masa ɗan wane ne ya wuce, ban samu ba. Yana nan zaune ya juyo da kunnensa wajena yana jira.

"Ban gane kowa ba, Baba," na ce. "Gudu sukai."